Maigidan Asabar da Lahadi

Ɗana, da kai nake, kai da aiki ya kai ka Abuja, iyalinka kuwa suna Kaduna ko Zariya ko Kano, wataƙila ma can gaba, Katsina ko Gusau. Na san ba son ranka ne ya raba ka da su ba. Ka yi lissafi tun farko, ka ga abin da za ka biya hayar ɗaki biyu da falo a Kubwa ko Lugbe zai riƙe maka gida sukutum a unguwarku har da canji, ka ga yara sun saba da makarantarsu da Islamiyyarsu, ga mahaifiyarka kusa da su, sai ka ce bari kai ka ɗauki wahalar, su su zauna cikin rufin asiri. Ka kama ɗaki ɗaya a Mararaba ko Masaka ko Suleja, katifa a ƙasa, darduma, buta, ɗan ƙaramin gas a lungu, da ƙusa a bango inda kake rataye kayan Litinin. Wannan abin a yaba maka ne, kuma duk wanda ya taɓa fita neman halal ya san abin da kake haɗiyewa. Saboda haka kada ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin zargi. Magana ce ta wanda ya ga mutane da yawa sun bi wannan hanya kafin kai, mutanen kirki masu kyakkyawar niyya irinka, ya kuma ga inda ta sauke wasunsu.

Tun da gwamnatin tarayya ta tattara ta baro Legas a watan Disamba na 1991, hanyar Kaduna take ɗauke da irinku kowace Juma'a. Da an idar da salla hankalin kowa ya koma kan titi, burinsa ya wuce Zuba kafin cunkoso, ya bar Tafa da Jere a baya, ya ƙetare Katari da Rijana da sauran hasken rana, saboda abin da kowa ya sani game da wannan yanki. Mai zuwa Kano yana da sauran Jaji da Zariya da Tashar Yari da Kwanar Ɗangora a gabansa, ba zai ƙwanƙwasa ƙofar gidansa ba sai dare ya yi nisa. Da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Idu da Rigasa a watan Yuli na 2016 mutane suka ce sauƙi ya zo, har ranar 28 ga Maris na 2022 da aka kai masa hari, aka kashe wasu, aka kwashe wasu zuwa daji, jirgin ya tsaya cik sai a watan Disamba ya dawo. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000. Kai ka fi ni sanin abin da wannan ya yi wa zuwanka gida. Mai zuwa duk mako ya koma sai mako biyu, mai mako biyu ya koma sai an yi albashi, kuma babu wanda ya zauna ya yanke shawarar haka, abin zamewa ya yi a hankali har ya zama jiki.

Wannan zamewar nake ji maka tsoro fiye da hanyar kanta. In aka tambaye ka dalilin wannan wahala, amsarka a bakinka take: don su nake yi. Gaskiya ka faɗa, kuma na yarda da kai. Sai dai ina so wani dare, kana kwance a ɗakin nan naka bayan an ɗauke wuta, ka sake tambayar kanka ko su ɗin da kake yi dominsu suna samun abin da ka fita nema musu. Kuɗin cefane yana zuwa, alat yana shiga wayar uwargida ranar da ka ce, ba a taɓa koro maka yaro a kan kuɗin makaranta ba, kayan salla tun azumi bai raba ba suke wurin tela. Duk wannan hakki ne da ke wuyanka, kuma ka sauke, Allah ya saka maka. Amma akwai kason hakkin da ba ya bin waya. Daren da zazzaɓi ya rufe autanku da ƙarfe biyu, ita ce ta goya shi ta buga ƙofar maƙwabci a taimaka mata da mota. Ranar da aka kira iyaye a makaranta saboda babban ya fara tsallake katanga, ita ce ta yafa mayafi ta je ta zauna gaban malamai ta sha kunyar ita kaɗai. Famfo ya lalace ita, mai gidan haya ya aiko ita, yara sun yi faɗa da 'ya'yan maƙwabta ita za ta je ba da haƙuri. Kai labari kake ji, wani lokaci ma ba a gaya maka, don an san kana nesa kuma ba a so a ɗaga maka hankali. Matar kirki takan ɓoye wa mijinta rabin abin da take ɗauke da shi, shi kuma sai ya ɗauka shirun nata alama ce ta komai lafiya.

Dubi kuma yadda kwana biyun nan naka suke tafiya. Ka iso daren Juma'a a gajiye, yara sun yi barci, ka ci tuwon da aka rufe maka a kula, ka kwanta. Asabar akwai ɗaurin aure da ƙarfe sha ɗaya, daga can sai gaisuwar mutuwar da aka yi tun Talata ba ka samu zuwa ba, daga can ka leƙa gininka ka yi ta fama da magini a kan buhunan siminti, la'asar ta riske ka a majalisar abokai, waɗanda su ma suna da hakki, kuma za su ce Abuja ta sa ka girman kai in ba su gan ka ba. Sai bayan isha'i ka shigo, a nan ne za a zayyano maka laifuffukan mako biyu, wane ya ƙi zuwa Islamiyya, wance ta yi wa uwarta tsiwa. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa, ka yi faɗa, wataƙila har ka ɗauko bulala. Lahadi da azahar ka rataya jaka. To ka tsaya inda yaron yake tsaye ka duba abin da yake gani: mutumin nan da ake ce wa Baba yana zuwa da tsaraba, ya yanke hukunci, ya tafi. Ko ka lura da yadda falo ke yin tsit in ka yi sallama, a rage sautin talabijin, kowa ya sulale ɗaki? Kana iya cewa kwarjini ne, kuma akwai kwarjinin a ciki, amma akwai rashin sabo ma. Yaron da bai saba yi maka hirar ƙwallo ko ta tantabarunsa ba yana ɗan shekara tara, ba zai kawo maka maganar da ke cin ransa ba yana ɗan sha bakwai, lokacin da abokai suka fara miƙa masa abin da ba ka so ko sunansa ya ji. Zai kai ta wani wuri, kuma ba kai za ka zaɓa masa wurin ba. In duk mako biyu kake zuwa kana kwana biyu, kwana 52 ke nan cikin 365, ka ƙara da hutun salloli. Ragowar shekarar duk yaron yana girma, yana koyon yadda namiji ke magana da yadda yake fushi da yadda yake salla, a wurin duk wanda ya samu a kusa.

Barin gida don nema ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, har yau kuma 'yan ci-rani suna barin ƙauyukan Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram da zarar an kai amfanin gona gida. Amma ka lura da hali ɗaya na ɗan ci-rani: tun ranar da ya fita ya san lokacin komawarsa. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ko da ciniki na kan ganiyarsa, zai ɗaure kayansa, domin shuka ba ta jiran kowa. Sannan a cikin babban gida ya bar iyalinsa, ga mahaifinsa a zaure, ga yayyensa, ga baffannin yara, akwai ido a kansu dare da rana. Kai kuwa ka fita ba ka sa ranar dawowa ba, ka bar mace ɗaya da yara a bayan katanga da get. Ka gaji tafiyar kakanni, amma abubuwa biyun da suka hana tafiyar rusa musu gida, wato wa'adi da gandu, ba ka da ko ɗaya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke fagen fama, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace za ta iya jurewa, daga nan ya hana a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wasu watanni, wasu ruwayoyin suka ce huɗu, wasu shida. Aikin da ya fitar da waɗancan mutane ya fi naka da nawa girma nesa ba kusa ba, duk da haka shugaban Musulmi bai yarda a bar rabuwar ba iyaka ba.

Don haka abin da nake roƙonka shi ne ka sa wa wannan zama naka wa'adi. Yawancin ma'aikatu da hukumomin tarayya suna da ofis a jihohi, kuma ana neman canjin wurin aiki a samu, ko da ba a karon farko ba. In hakan bai yiwu ba, akwai waɗanda suka kwaso iyali suka zauna a Suleja ko Keffi ko Gwagwalada, gidan ya fi na da ƙanƙanta amma kowa yana kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, kowanne akwai abin da zai ci maka. A hedkwata ake ganin mutum, a can ake rabon tafiye-tafiye da kwasa-kwasai da alawus ɗinsu, wanda ya koma ofishin jiha sau da yawa mantawa ake yi da shi, wani sa'anka da kuka fara aiki rana ɗaya yana iya riga ka zama darakta, ka je ofishinsa ka jira a kan benci. Wannan yana da ciwo, kuma duk wanda ya ce maka ba shi da ciwo bai gaya maka gaskiya ba. Amma ni a ganina, matuƙar kana da yara tsakanin shekara bakwai da sha bakwai, wannan ciwon ya fi sauƙin ɗauka a kan wancan. Muƙamin da ya wuce ka bana yana iya dawowa baɗi, ko ya zo ta wata ƙofa, shekarun nan goma na yaro kuwa sau ɗaya ake yin su. In kuma matarka ita ma ma'aikaciya ce, malamar makaranta ko ta asibiti, to aikinta ba wasa ba ne, kada lissafin ya zama kullum ita ce za ta ajiye nata ta bi ka. A auna duka biyun da mudu ɗaya.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba, amma tunda ni da kai ne bari in yi ta. Zaman kaɗaici yana da nasa daɗin, kuma daɗin nan shi ne tarkon. A ɗakinka na Mararaba babu kukan jariri, babu mai tambayarka ina ka tsaya, ka ci abin da ka ga dama, ka kwanta lokacin da ka so. Shekarar farko kewa ce ke hana ka barci. Bayan wasu shekaru sai ka wayi gari hayaniyar gidanka ta fara damunka, ka ji kana ƙosawa Lahadi ta yi, kana kama hanya kana sauke ajiyar zuciya. Ranar da ka ji haka a ranka, ka san maganar mutanen da ta fara tabbata a kanka, da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga nan ne wasu ƙofofi suke buɗewa, waɗanda da kana kwana a gidanka ko kallonsu ba za ka yi ba. Ban ce ka faɗa ba, na san kai mai tsoron Allah ne, amma waɗanda suka faɗa ma ba da niyyar faɗawa suka je ba, hira ce a waya da rage hanya bayan an tashi daga ofis. Wani ya tsare kansa ta hanyar ƙara aure a can, wanda halal ne babu mai ja, sai dai ya ɓoye wa na gida shekara da shekaru saboda gudun rigima. Na ga gidan da sai a zaman makoki wata mata ta shigo da yara uku masu kama da mamacin, aka fara kallon-kallo tun ba a yi sadakar uku ba, 'yan uba suka fara sanin juna a gaban alƙali wurin rabon gado. Rigimar da ya guje wa ta wata guda, ya bar wa 'ya'yansa ita ta tsawon rayuwarsu.

Kada kuma ka ji wannan ka ce to bari in gyara gida da lokacin ofis. Akwai masu sulalewa tun ranar Alhamis su dawo Talata, su bar fayil ɗin bayin Allah a kan tebur, tsoho ya taso tun daga Yobe ko Kebbi a kan maganar hakkinsa a ce masa mai sa hannu ya yi tafiya. Albashin da ka karɓa na kwanakin da ba ka yi ba, da shi za a sayi hatsin da 'ya'yanka za su ci, ka ga gyaran ya koma ɓarna. Haka nan tukunya biyu a kan albashi ɗaya, ga haya can ga haya nan ga kuɗin mota, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024 alhali kowa ya san kuɗin buhun shinkafa, shi ne ke fara sa mutumin kirki ya daina mayar da ambulan ɗin da ɗan kwangila ya ajiye masa a ƙarƙashin takarda. Shi ma in ka tambaye shi, don su yake yi. Abin da doka ta ba ka kuwa ka karɓe shi ba kunya. Ma'aikacin tarayya daga mataki na 7 zuwa sama yana da hutun kwana 30 a shekara, amma nawa ne cikinku suke cike takardar hutun sannan su ci gaba da zuwa ofis, don kada wata tafiya ta fito ba sa nan, ko oga ya saba da wani? A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince wa maza da hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa, amma har yanzu wani ranar suna yake isowa da safe, a yanka rago, ya juya da yamma, ya bar mai jego da ɗanyen jiki. Ka ɗauki hutunka cikakke, ka daidaita shi da dogon hutun yara, ka zauna a gida har a daina yi maka girkin baƙo.

Sai kuma kai kanka, domin a cikin wannan lissafi kai ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma kai ne ka fara mantawar. Ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan ba gyara ba kwalliya, da ya tambaya ta nuna masa cewa ɗan'uwansa ya juya wa duniya baya, azumi da rana, tsayuwa da dare. Aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai da maigidan ya karya azumin nafilarsa suka ci tare, da dare kuma duk sanda ya yunƙura zai tashi sai ya mai da shi shimfiɗa, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla. Sannan ya tuna masa cewa bayan hakkin Ubangijinsa, jikinsa da iyalinsa ma suna bin sa nasu. Da maganar ta je gaban Annabi, ya gaskata Salmanu. Abin da ya shagaltar da Abud Darda'i fa ibada ce, ba neman mataki na 15 ba, amma ba a bar shi ya fake da ita ba. Kai da kake fita tun assalatu don ka riga cunkoson Nyanya, ba ka tashi sai oga ya tashi, ka dawo ƙarfe tara ka tsaya wurin mai shayi a soya maka Indomie da ƙwai, yaushe rabonka da ka sa a auna maka jini? A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ko ba a kawo maka alƙaluma ba, ka san abokin aiki aƙalla ɗaya da ya yanke jiki ya faɗi, aka ce hawan jini ne, kuma aka ce shi kansa bai san yana da shi ba. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Kuma ba jiki kaɗai nake nufi ba. Abu ɗaya da wannan rabuwa ta ba ka, wanda mai kwana cikin iyali ba shi da shi, shi ne dare huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, da babu mai neman komai a wurinka. Ina suke tafiya? In ka yi wa kanka adalci za ka ga mafi yawansu waya ce ta cinye, daga Facebook zuwa WhatsApp, musun siyasa da mutanen da ba ka taɓa gani ba, har barci ya ɗauke ka da ita a ƙirji. Alhali akwai abin da ranka yake so tun kana saurayi, ka jingine shi ka ce sai an samu sarari. Wani karatun zaure ne ya tsaya masa a Iziyya bai kai Risala ba, kuma babu unguwar da ke kewayen Abuja da za a rasa malamin da ke ba da karatu tsakanin magariba da isha'i. Wani haddar da ta zube yake son maidowa. Wani digiri ne bai ƙarasa ba, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da hedkwatarta a Jabi, wadda aka kafa domin irinsa. Wani kuwa sana'ar hannu ce ko ilimin kiwo da noman rani. Kada ka raina wannan ka ce ba shi kawo kuɗi. Shi ne abin da zai rage naka na kanka ranar da ofis ya karɓi makullinsa, kuma mutumin da yake da wani abu da yake ginawa a cikinsa ya fi daɗin zama a gida, ya fi haƙuri da yara, yana da abin da zai ba su in sun zauna ban da faɗa.

Ranar kuwa tana nan tafe, don ƙa'idar aikin gwamnati ba ta da kara: shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa, in ban da wasu rukunoni irin malaman makaranta da alƙalai. Za a yi maka liyafar ban-kwana, a yabe ka, a ba ka agogon bango, mako biyu bayan haka wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Tun 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, gyaran 2014 ya sa ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, gwamnati ta ƙara 10, duk wata, ko kana so ko ba ka so. Kuɗi ke nan an tilasta maka tanadinsa, sabo da iyali kuwa babu ofishin da zai tanada maka. Na ga dattijon da ya dawo gida ɗungurungum bayan kusan shekara talatin yana zuwa Asabar da Lahadi, ya gina gida mai kyau, duk yaran sun yi karatu, babu wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba. Amma uwargida ta riga ta tsara gidanta ba tare da shi ba, ta san lokacin komai da wurin komai, shi kuma da ya saba ba da umarni sai ya fara sa baki a kan inda aka ajiye tukunya da yawan man da aka zuba a miya, rigimar da ba su yi ba suna da ƙuruciya suka fara ta da furfura. In 'ya'yan suka zo, sai su durƙusa su gaishe shi cikin ladabi, ina kwana Baba, ya ƙarfin jiki, minti biyu maganar ta ƙare, su shige ɗakin uwarsu, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida yana jiyo dariyarsu har la'asar. Ba ƙin sa suke yi ba, ko kusa, suna girmama shi, suna yi masa hidima. Ba su san abin da za su ce masa ba ne, shi ma bai sani ba.

Mahaifiyarka ma kada ka bar ta a jerin masu jiran ka yi ritaya. Kana aika mata, na sani, amma tsohuwa ba ta cin kuɗi da yawa, abin da take so shi ne ka zauna a bakin tabarmarta ba ka duba agogo, ta ba ka labarin da ta riga ta ba ka, ka saurara kamar yau ka fara ji. Zumunci a ƙafa yake, nata kuwa ya fi kowanne gaggawa, don ba ka san ko za ta kai shekarar da ka ɗiba ba.

In zaman can ya zama dole na wani lokaci, to a rage masa kaifi. In ka kira gida kada ka tsaya a kan uwarsu kaɗai da tambayar me ya ƙare, ka sa a ba ka yaran ɗaya bayan ɗaya, ko da abin da ƙaramin zai gaya maka bai wuce kyanwa ta haihu ba. Ka san sunan malamin ajin kowannensu, ka riƙe lambarsa. Ka roƙi uwargida ta daina tara maka ƙara, kai ma ka hana kanka yin hukunci a daren da ka iso. In za ka wurin gini ko kasuwa ka ɗauki ɗaya a mota, yau wannan gobe wancan, mata da maza, ka bar shi ya yi ta surutu ba ka gyara masa magana. Ba kowane ɗaurin aure ne sai da kai ba, wani ka aika da gudummawa ka ba da uzuri, masu hankali za su gane.

Zuwanka na gaba kuma, ka ware yammacin Asabar, ka aika yara gidan kakarsu, ka zauna da matarka ka tambaye ta yadda take ganin wannan zama, sannan ka yi shiru. Da farko za ta ce ba komai, Allah ya ƙara buɗi, don haka aka tarbiyyantar da ita. Ka sake tambaya, ka jure abin da zai fito, ko da da kuka ya fito, kada ka katse ta da lissafin abin da kake kashewa. Wataƙila ta ce ka ƙara shekara biyu a gama ginin, wataƙila ta ce ta gaji, ka dawo ko da za a rage cefane. Duk abin da kuka tsayar, ku sa masa shekara da wata, ku gaya wa yaran da suka yi wayo, sannan ranar Litinin ka shiga sashen mulki ka tambayi kwanakin hutun da kake bi da yadda ake rubuta takardar neman canjin wurin aiki.